Waiwaye: Sunaye Cike da Takarda, Aji Ba Kowa

A watan Satumba na 1976 mahaifina ya riƙo hannuna, muka tsallaka layin dogo da ya ratsa garin Minna, ya kai ni makaranta. Ba ni da takardar haihuwa, haka ma yawancin yaran da muka yi layi da su. Wani malami ne tsaye a bakin ofis, yana sa kowane yaro ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo ya isa shiga aji ɗaya. Na kamo, aka rubuta sunana.

Shekarar UPE ke nan, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Jihar Neja ita kanta jaririya ce a lokacin, domin a watan Fabrairun shekarar ne Janar Murtala ya cire ta daga Jihar Arewa maso Yamma, Minna ta zama babban birni. An yi wa yara miliyan 2.3 tanadin shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kimanin miliyan 3 suka fito. Saboda haka idan na ji ana maganar cunkoso kamar jiya aka fara shi, sai in tuna mu ma a gindin mangwaro muka yi zangon farko, allo jingine da jikin itace. Wasu daga cikin malamanmu horon gaggawa aka yi musu aka turo su, wasu ma ba su girmi yayyenmu da yawa ba.

Amma akwai abin da ban lura da shi ba sai da na tsufa, wato yawan manyan mutanen da ke cikin makarantar nan tun safe har tashi. Ban da malamin aji da hedimasta da malamin Arabiyya, akwai masinja mai buga ƙarfen da aka rataye a matsayin ƙararrawa, shi ne kuma ke bin yaron da ya yi fashi har gida. Akwai lebura mai sassabe da gyaran shinge. Akwai maigadi. Lokaci-lokaci duba-gari kan zo a jera mu ya duba farce da haƙora da ƙazuwa. Duk inda yaro ya juya, idon wani babba na kansa. Ba mu taɓa ɗaukar waɗannan mutane a bakin komai ba, kamar yadda mutum ba ya lura da ginshiƙin ɗaki sai ran da rufi ya rufto.

Na gama firamare, na shiga kwalejin horon malamai, na yi shekara biyar na fito da takardar Giredi Tu. Aikina na farko a wani ƙauye ne ta wajen Shiroro, mu biyu da hedimasta, azuzuwa shida. Shi ya ɗauki manya, ni na ɗauki ƙanana, in bai wa 'yan aji uku lissafi a allo in ruga wajen 'yan aji ɗaya mu yi baƙaƙe, in dawo in tarar rabinsu sun tafi korar tsuntsu a gona. A 1988 gwamnatin Janar Babangida, ɗan garin nan, ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya ɗan daidaita. A 1991 aka rushe ta aka miƙa mu ga ƙananan hukumomi, muka shiga watanni ba ko kwabo. Kafin a dawo da hukumar a 1993, da yawa daga cikin haziƙan abokaina sun ajiye alli sun kama wata hanya, kuma ban san ko ɗaya da ya dawo ba.

Daga baya aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka rufe babin Giredi Tu. Ni ma na koma karatu ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ranakun Asabar da lokacin hutu. Ban ƙi a ɗaga darajar aikin ba. Abin da ya dame ni shi ne tsoffin kwalejojin nan suna ɗauko yaron ƙauye su horar da shi su mayar da shi ƙauyensu, da harshen mutanensa a bakinsa. Da aka rufe wannan hanya, ba a buɗe wata mai kama da ita ba.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bayan an dawo da ni cikin Minna an ba ni shugabancin wata babbar firamare, wadda ba zan kama sunanta ba.

Kowane zango akan aiko mana da fom mu cike: yara nawa, malamai nawa, azuzuwa nawa. Ina da yara fiye da 1,200, ina da sunaye 32 a jerin ma'aikata. In ka raba, kowane malami bai kai yara 40 ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, to mun kusa. A gurbin da aka tambaya ko makaranta na buƙatar ƙarin ma'aikata, nakan rubuta cewa ba matsala sosai, in sa hannu, in buga hatimi. Ban yi ƙarya a lissafi ba, amma na san abin da lissafin ya ɓoye.

Cikin 32 ɗin nan har da ni da mataimakina, mu kuwa ofis da taruka sun cinye mu. Akwai malaman Arabiyya da na addinin Musulunci da na addinin Kirista, waɗanda sukan shiga su yi darasinsu su fita, ba su da ajin kansu. Kusan kullum akwai malamai mata biyu ko uku a hutun haihuwa, haƙƙinsu ne, amma ba wanda ake turowa ya riƙe ajinsu. Biyu sun tafi ƙaro karatu. Biyu an are su zuwa wani ofis tun kafin in zo, sunansu na wurina, jikinsu na can. Akwai wani dattijo da ciwon suga ya ci ƙarfinsa, yana zuwa don kada a ce bai zo ba, ya zauna a inuwa, kuma ba mai zuciyar da zai ce masa ya tashi. Idan ka zo da ƙarfe goma na safe ka ƙirga waɗanda ke tsaye a gaban yara da alli a hannu, da wuya su wuce 18.

Su ma 18 ɗin ban raba su da adalci ba. Gwanayen na kai su aji biyar da shida, domin da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ake auna hedimasta. Aji ɗaya kuwa, inda yara suka fi yawa, suka fi ƙanƙanta, suka fi buƙatar hannu, na bar wa malamai mata biyu, kowace da yara sama da 100, wasu a benci, yawanci a ƙasa.

Da muna da wata tsohuwa da muke kira Iya, nani ce, matsayinta a can ƙasan jerin albashi. Da butarta da tsummanta take yawo. Ita ke kai ƙanana bayi, ta wanke wanda ya ɓata wando, ta goyi mai zazzaɓi zuwa gida, ta raba faɗa a bakin famfo. Tana jin Gwaranci da Nufanci da Hausa, saboda haka yaron da aka kawo daga ƙauye bai iya Hausa ba, wurinta yake fara buɗe baki. Ta yi ritaya, ba a kawo wata ba. Shekara na zagayowa Baba maigadi ya rasu, shi ma ba a maye gurbinsa ba, aka ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Na rubuta takarda sau ɗaya, ba amsa, na bari. A raina na ce ai ba malamai ba ne, karatu ba zai tsaya ba.

Wata ranar Alhamis ce cikin damina. Malamar aji ɗaya ta ɓangaren farko ta kai ɗanta asibiti, sai aka haɗe yaran duka a ɗaki guda wurin ɗayar. Yara wajen 200 a hannun mace ɗaya, ruwa na dukan kwano har ba ka jin muryar na kusa da kai. Akwai wani ƙaramin yaro Banufe da bai fi wata biyu da zuwa garin ba. Cikinsa ya murɗa, bai san yadda zai faɗa da Hausa ba, ga hanya a toshe da ƙafafun yara, har abin ya kufce masa. Yara suka fashe da dariya suna toshe hanci. Malama ba ta da yadda za ta bar wannan taro ta bi yaro ɗaya. Ta nuna masa famfo ta ce ya je ya wanke ya dawo.

Ya fita. Kunya ta hana shi dawowa. Ƙofar makaranta a buɗe take, ba kowa a bakinta.

Ba wanda ya lura sai da aka tashi, yayarsa 'yar aji huɗu ta zo ɗaukarsa ta tarar da jakar ledarsa kawai. Ina ofis ina haɗa wani rahoto ta shigo tana kuka. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne layin dogo da babbar kwata mai ambaliya da ke bayan unguwar. Muka bazu, malamai da manyan ɗalibai da 'yan acaɓa da suka ji labari. Muka bi bakin kwata muna leƙa ƙarƙashin kowace gada, aka yi cigiya a masallatai bayan la'asar. Malamar nan ta cire takalmi tana tafiya cikin taɓo tana kiran sunansa har muryarta ta dishe. Ban taɓa jin tsawon yini kamar wannan ba.

Dab da magariba aka aiko daga gidan mai unguwar wata shiyya can gaba. Wata Bagwariya mai sayar da doya ce ta gan shi rakuɓe a bayan rumfarta yana rawar sanyi. Ba ta jin yarensa, shi ma ba ya jin nata. Ta wanke shi, ta ɗaura masa zanenta, ta ba shi gasasshiyar doya, sannan ta saɓa shi a kafaɗa ta kai shi wurin mai unguwa. Aikin Iya ne ta yi, ba tare da ta san akwai wata Iya ba.

Uban yaron bai ɗaga murya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya rungume ɗansa, ya dube ni ya ce, "Malam Hedimasta, ni ban ce lallai sai kun mayar mini da shi likita ba. Amana na kawo muku da safe, ina so in karɓi abata da rana." Na ce, "Gaskiyarka ne, Alhaji. Laifina ne, ka yafe mini." Washegari wasu suka so a ɗora wa malamar, har ana maganar a ba ta takardar tuhuma. Na ƙi. Mace ɗaya da yara 200 ba ta yi sakaci ba. Wanda ya sa hannu a fom cewa makaranta ba ta da matsalar ma'aikata, shi ya kamata a tuhuma.

Daga ranar na canza yadda nake ƙirga. Na sayi littafi, kullum ƙarfe goma in zaga aji-aji in rubuta wanda na tarar da yawan yaran da ke gabansa, kuma wannan nake liƙawa a bayan kowane fom. Na ɗauko malamar da ta fi kowa iya koyarwa daga aji shida na kai ta aji ɗaya. Ta yi fushi, tana ganin an rage mata daraja, sai da na zaunar da ita na ce, "Malama, wanda bai iya haɗa baƙi a aji ɗaya ba, me za ki koya masa a aji shida?" Ni ma na ɗauki darasin lissafi a aji uku. Muka zauna da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, aka yi karo-karo aka ɗauki wata bazawara ta riƙe aikin nani, aka samo wani tsohon soja ya zauna a ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma iyayen nan sun ɗauka da mu.

Sai dai ba na so a ɗauki wannan a matsayin magani. Masu facin taya ne da masu sayar da ƙosai da leburorin kasuwar Kure suka cire daga abin cefanensu suka biya aikin da dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce kyauta ne. Abin da ake ba irin waɗannan mata da malaman sa-kai a wata bai isa kuɗin Keke ba, kuma duk watan da karo-karo ya gaza, haƙuri ake ba su.

Akwai dalilin da ya sa gini ya fi mutum saurin samuwa. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, jiha ta kawo nata kason a haɗa, kuma mafi tsokar kuɗin kan tafi ne ga azuzuwa da kujeru da makewayi. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙaramar hukuma yake fita. Ƙaramar hukumar da ke fama da biyan waɗanda ke ƙasa, har aka yi lokacin da a jihar nan wani kaso na albashi kawai ake ba su, ba za ta yi ɗokin ɗaukar sababbi ba. Saboda haka sai ka ga sabon gini mai fenti, ga allon ɗan kwangila a gaba, ka leƙa ciki ka tarar da monita riƙe da tsumagiya yana rubuta sunayen masu surutu. Gini ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto. Nani kuwa ba wanda ya taɓa ƙaddamar da ita. Ga Kwalejin Ilimi ta jiha a nan Minna, wadda ta faro tun 1975, da ta tarayya a Kontagora, sun yi shekaru suna yaye masu NCE, da yawansu suna zaune a gida ko suna koyarwa a makarantun kuɗi kan abin da bai taka kara ya karya ba.

A 2016 matasan shirin N-Power suka zo koyarwa, ana ba su naira 30,000 a wata. Wasunsu sun yi aiki tsakani da Allah, na ga wani da ya koya wa 'yan aji huɗu rabawa ta hanyar da ni ban sani ba. A 2020 aka sallami rukunan farko, azuzuwan suka koma yadda suke. A Kaduna kuwa, a 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malamai jarrabawa, 21,780 suka faɗi, aka sallame su aka ɗauki wasu. Ba na musun cewa akwai waɗanda ba su cancanci riƙe alli ba, na zauna da irinsu. Amma ko gwanin gwanaye ka ba shi yara 120, mai gadin yara zai koma. Makin littafi kawai, in ya ba kowane minti ɗaya, awa biyu ta tafi a darasi guda. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022, mai barin malami ya kai shekara 65 ko ya yi 40 yana aiki, na iya riƙe tsofaffi na ɗan lokaci, amma ba ta haifar da matashi ko ɗaya a aji ɗaya.

Kada kuma mu mutanen birni mu manta cewa kukanmu na masu ɗan abin hannu ne. Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, ƙananan hukumomi 25, amma kowa so yake a ajiye shi a Minna ko Bida ko Suleja ko Kontagora. Na sha ganin ƙaramar takarda daga wani babba: a taimaka a bar wance a cikin gari, maigidanta a nan yake aiki. Ba na zargin matar, ƙauyen da za a tura ta ba gidan malamai, ba asibiti. Sakamakon dai shi ne wata makarantar a Tunga ko Bosso malamai sun yi mata yawa, wata kuma tafiyar awa ɗaya daga nan mutum biyu ke riƙe da aji shida, kamar yadda na bari shekara talatin da wani abu da suka wuce. Shirin da na ga ya gane bakin zaren shi ne wanda aka fara a 2008 da tallafin UNICEF a Neja da Bauchi da Katsina da Sakkwato, inda ake ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE bisa alkawarin za su koma su koyar a garuruwansu. Tsohuwar dabarar kwalejojinmu ce ta dawo da sabuwar riga. Amfaninta kuwa sai an ba su aikin bayan sun gama.

Sai ga 2021. A Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da ma'aikata a kwalejin kimiyya ta Kagara, a ƙarshen Mayu aka kwashe ƙananan yara sama da 100 a Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina. A watan Afrilun shekarar mutanen Shiroro da Munya da suka gudo daga hare-hare suka cika firamaren IBB a nan cikin Minna, a can ne ma Gwamna Abubakar Sani Bello ya je ya gan su. Waɗanda suka samu dangi suka zauna a gari, 'ya'yansu suka shigo azuzuwanmu. Na karɓi wasu a shekarun ƙarshe na aikina. Akwai yarinyar da in babur ya wuce da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin benci. Akwai yaro ɗan shekara 11 da bai san baƙi ko ɗaya ba, domin makarantar garinsu ta daɗe a rufe. Irin waɗannan suna buƙatar babban da zai zauna da su shi da su, ya saurare su, ya ja su a hankali. A takarda akwai gurbin malamin ba da shawara. Ni har na yi ritaya ban ga an turo mini ko ɗaya ba. Bazawarar nan mai buta ita ce ta riƙa zaunar da yarinyar a kan cinyarta har ta daina firgita.

Farkon zangon nan ɗana ya ce in raka jikata a sa ta aji ɗaya a firamaren unguwarsu. Shugabar makarantar ɗalibata ce ta da. Ta tashi ta ba ni kujera, ta jawo jerin ma'aikata za ta nuna mini. Na ce, "Hajiya, bar takardar nan. Ƙarfe nawa yanzu?" Ta duba ta ce goma saura kaɗan. Na ce ta kai ni aji ɗaya.

Malama ɗaya ce a ciki, yarinya ƙarama, gumi ya jiƙa mata hijabi. Na fara ƙirga kawuna daga layin gaba, na kai 90 ban kai bango ba, na daina. A bakin ƙofa wata mata ce zaune kan tabarma, ga buta biyu da bokiti a gefenta, tana ɗaura wa wani yaro igiyar wando. Na tambayi Hajiya wa ke biyanta. Ta ce iyaye ne, kuma wata biyu ke nan kuɗin bai cika ba. Na ce ta rubuta sunana a cikin masu bayarwa, duk ran da fansho ya shigo zan aiko. Sannan na kama hannun jikata na kai ta wurin matar, na ce, "Ga Iya nan. In kin ji fitsari, ko wani ya doke ki, ita za ki gaya wa."